Jan Goro a Gindin Dutse

Duk wanda ya zauna cikin mutanen Zango a titin Grand Concourse da ke Bronx ya san Gafaru. Wanda bai san shi da mota ba, ya san shi da likkafani. Direban motar haya ne, amma in aka yi rasuwa shi ake fara kira, kafin ma a tashi liman. Wankan gawa ya gada wurin kawunsa a Kumasi, ya taho da shi New York, kuma ba ya wasa da shi. Ba a hira a kan gawa in yana wurin, ba a kwara ruwa da garaje. Yakan ce mamaci ya fi mai rai kunya, don shi ba shi da hannun rufe jikinsa. Dattawa masu furfura sun sha faɗa wurinsa a kan wannan, sun haɗiye, don sun san wata rana hannunsa za su faɗa.

Aibinsa ɗaya, goro. Haƙoransa sun rine, aljihunsa ba ya rabo da ɓari. Matarsa Abiba ta yi magana har ta gaji.

"Wannan goro zai disgrace ka wata rana," in ji ta.

Shi kuwa dariya yake yi, ya ce goro bai taɓa kunyata ɗan Zango ba.

Can ƙuryar Bronx akwai wani ɗan gari a bakin ruwa, titi ɗaya, gidajen katako da shagunan kifi, sai ka rantse ba cikin birnin kake ba. Gafaru yakan kai masu zuwa cin kifi, kuma la'asar takan same shi a can. A mashigar garin akwai ɗan fili mai ciyawa da wani dogon dutse a tsakiya, tuta na kaɗawa a gefensa. Bayan dutsen ya yi masa daidai: ba iska, ba mai gilmawa ta gabansa, ga alƙibla ta faɗo sak. Nan yake ɗauko buta daga bayan mota, ya ɗora ƙafa a kan dakalin dutsen ya yi alwala, ya shimfiɗa darduma. In ya idar sai ya jingina, ya ɓare goro, ya tauna, ya tofar a gefe. Shekaru ya yi a haka. Ya ga rubutu a jikin dutsen, amma a ƙasar nan me ba a yi wa rubutu? Ko kwandon shara da nasa.

A garin akwai wata tsohuwa Baturiya, Airin, wadda yake kaiwa asibiti. Idonta ya yi rauni, gwiwa ta ƙi, amma baki na nan garau. Ta zaɓe shi ne don ba ya gudu, shi kuma Mama yake ce mata. Ana gobe ranar tunawa da sojoji, ƙarshen watan Mayu, ta kira shi ta ce ba asibiti za su ba. Ya same ta a bakin ƙofa da bokiti da buroshi da sabulu. Tafiyar ba ta kai ta kawo ba ta ce ya tsaya, sai ga shi a inda ya saba tsayawa.

Ta dafa kafaɗarsa suka taka zuwa gaban dutsen. Ta ce samarin garin ne, waɗanda suka tafi yaƙi ba su dawo ba. Wasu an kawo gawarsu, wasu ko takalmi ba a gani ba, sunan nan shi ne kabarinsu. Da gaba ya cika aka koma rubutawa a baya. Sunan wanta Yujin yana baya, can ƙasa, cikin na yaƙin Biyetnam. Tun rasuwar uwarsu ita ke wanke wurin duk shekara, bana kuwa gwiwa ta hana ta durƙusawa.

Suka zagaya.  Daga tsayin gwiwa zuwa ƙasa dutsen ya yi jajir, tofi a kan tofi, na bara da na bana, har ya cike ramukan haruffan. Gafaru bai taɓa ganinsa haka ba, don kullum baya yake ba shi in yana tauna.

Mama Airin ta hau faɗa. Ta ce ba tsatsa ba ce, ta tambayi masu fenti. Wani mara tarbiyya ne ke zuwa yana tofa wani abu, kuma duk faɗin dutsen bai ga wurin tofi ba sai kan Yujin. Ta ce da za ta kama shi, sandar nan tata sai ta karye. Gafaru ya durƙusa ya kama gurzawa, bakinsa a rufe gam don kada haƙora su tona shi. Shi da ke hana mutane tari a kan gawa! Laifi tudu ne, ya taka nasa ya yi shekaru yana hango na wasu. Kunya ta rufe shi, irin wadda bai taɓa ji ba tun yana yaro.

Da faɗan ya lafa sai muryarta ta yi laushi. Ta ce amma duniya ba ta lalace duka ba. Daga tagarta ta sama takan hango wani mutum, ba ta iya ganin fuskarsa, yana zuwa da yamma ko da ƙanƙara. Ya tsaya a bayan dutsen, ya sunkuya, ya kai goshinsa ƙasa daidai wurin wanta. Mutanen garin sau ɗaya suke zuwa a shekara, su busa ƙaho su tafi cin nama, shi kuwa bai fasa ba. Ta ce da ɗumin wannan take kwana.

"Irin sallarku ce, ko? Gaya mini, me yake roƙa musu?"

Da zagi ta ci gaba da yi, da ya fi masa sauƙi.  Ƙarya a kan matattu ba zai iya ba, gaskiya kuma za ta raba tsohuwa da abin da take kwana da shi, ta raba shi da mutuncin da yake da shi a idonta. Ya ce ruwa ya ƙare, bari ya ƙaro. Ya tafi mota ya daɗe a tsaye, kuma a ruɗe, bisa sabo, ya dawo riƙe da butarsa.

Ya tsuguna yana tsiyaya ruwa a hankali da hagu, dama tana bi tana shafawa, yadda yake yi wa mamatansa. Tsohuwar tana tsaye a kansa. Idonta ba ya ganin nesa, amma kusa yana gani. Ta dubi butar, ta dubi yadda ya duƙa. Ɓarin goro ya zame daga aljihun rigarsa ya faɗi kan dakalin, jan cizon haƙori a jikinsa. Ta taɓa shi da bakin sanda, ta juya shi. Gafaru har ya yi fatan ta ɗaga sandar ta buga masa.

"Mama," ya ce, kansa a ƙasa, "bai roƙa musu komai ba. Ko sunansu bai taɓa karantawa ba."

 Tutar tana ta bugun ƙarfenta. Tsohuwar ta nuna masa gindin dutsen da sandar, ta ce akwai saura a harafin ƙarshe. Ya sa farce ya ƙwaƙule shi. Ta ce ya karanta. Ya karanta, ya karya sunan. Ta gyara masa, ya maimaita, ta sake gyarawa, har ya faɗe shi yadda uwarsu take faɗa.

Ya mai da ita gida, ya ajiye mata bokitin a bakin ƙofa. Ta ce ranar Talata akwai asibiti, kada ya makara. Tana shiga ta tsaya, ba ta waiwayo ba.

"Da ka bar mini su mutum biyu, mai tofi daban, mai sallah daban," ta ce, ta rufe ƙofa.

Da ya koma gida Abiba ta ga ya wuce kwanon goro bai taɓa ba, ta tambaye shi ko lafiya. Ya ce lafiya lau, wanka ya yi. Ta ce wa ya rasu ba ta ji ba? Ya ce ya daɗe da rasuwa, shi ne dai bai sani ba sai yau.