Takardar da Ke Wuyan Inna Hajo

Kaduna

Ƙarfe biyar da rabi na asuba na hau lori. Lokacin ina masinja, shekara biyu da gama yaƙin duniya. Baturen da nake wa aiki yana tara takardun jiragen ruwan yaƙi masu sa hannun matuƙa. Ya ji akwai ɗaya a Gayam, wurin uwar wani Audu da ya yi aikin zuba kwal a jirgi, ya rasu a teku.

"Masinja, ina za ka da jaka ba komai?" in ji direba.

"Aike ne."

"Aiken Bature, Allah ya sa ba haraji ba."

Birnin Gwari

Bayan Buruku muka kafe a laka awa biyu. Sai la'asar muka isa. Na kwana a zauren wani baduku, na ci tuwon dawa da miyar kuka.

Gayam

Da hantsi na ari keke na ratsa daji. Na tarar da Inna Hajo, uwar Audu, tana ɓarar gyaɗa, idonta ya tafi. Abokan aikin Audu ne suka aiko mata da takardar, ita kuwa ta sa aka ɗinke ta cikin fata kamar laya, ta rataya a wuya.

"Inna, Bature ke son gani."

"Ɗana, ka iya karatu?"

"Kaɗan."

"To buɗe ka nuna mini inda Audu yake."

Na farke ɗinkin. Sa hannu ne birjik da Turanci, can ƙasa Audu ya rubuta sunansa da ajami. Na ɗora yatsanta a kai. Ta daɗe ba ta ɗauke ba.

"Wannan ba ta zuwa Kaduna," in ji ta. "Kai wa baduku ya mayar mini."

Na koma Birnin Gwari. A hanya na sa takardar Audu a jakata, na ninke wata takardar ofis da ke aljihuna na ba baduku ya ɗinke. Washegari na rataya mata da hannuna. Ta shafa, ta ce, "Allah ya yi maka albarka."

Kaduna

Ran Alhamis da azahar na iso gida lafiya. Bature ya yi ta godiya, daga baya ya tafi ƙasarsu da takardar. Inna Hajo kuwa, an ce har ta rasu kullum tana shafa layar tana kiran Audu.

Na gode wa Allah da ya bar ni da rai har na faɗa da bakina. Ku da kuka karanta, ku yi mata addu'a, in ta rage ku sa ni.