Na kai 'yata ganin ƙashin bayan sarkin Ingila

Mun tashi da asuba daga gidanmu na unguwar Safa a Jidda, ni da 'yata mai shekara goma sha uku, ko kallona ba ta yi. Babanta ya sauke mu a filin jirgi, ya raɗa mini cewa in bi ta a hankali. Na ce lallashi dai na yi har na gaji, yanzu taurin kai zan gwada, tunda a wajena ta gada.

Ga abin da ya fitar da mu. Ƙashin bayan yarinyar ya karkace. Likitanta a Jidda ya ba ta wata rigar roba mai tauri, ya ce ta riƙa sawa har ta gama girma, in ba haka ba sai tiyata. Ta ɗan sa, ta jefar, wai 'yan ajinsu suna ƙwanƙwasa mata baya kamar ƙofa. Ƙanena da ke aikin jinya a garin Lesta na Ingila ya samo mana wani likitan ƙashi, na ce ko a ƙafa ne sai mun je.

Daga Landan muka hau jirgin ƙasa. Da na juya kuɗin tikitin zuwa riyal sai da na yi salati. Amma hanyar ta biya ni: ko'ina kore shar, tumaki sun yi ɓul-ɓul ba mai kiwo. Wai lokacin zafinsu ke nan, mu kuwa har da rigar sanyi. Lesta cike take da Indiyawa da masallatai, abincin halal ba wahala. Sai dai kifi da soyayyen dankalinsu ko ɗigon yaji babu, na yi kewar ful da tamis, dafaffen wake da burodin nan na unguwar Ammariyya a Jidda.

Likitan ya duba hotuna, ya maimaita abin da aka faɗa mana a gida, kalma ba ta canja ba. Muna fita yarinyar ta ce, "Khalas, shi ke nan, Mama, a yi tiyatar. Ma abgha rigar nan, ba na so!" Ranar na shiga banɗaki na yi kuka mai isata, na wanke fuska na fito.

Kashegari ƙanena ya ce, "Yaya, ku taso in kai ku wajen sarkin da aka tono a wurin ajiye motoci." Na ɗauka zolaya ce. Ashe fiye da shekara ɗari biyar da suka wuce, gidajen sarauta biyu masu kaka ɗaya suka yi ta karkashe juna a kan gadon mulkin Ingila. Wannan sarkin ya karɓe mulki daga hannun ɗan wansa, yaron da ƙanensa suka ɓace a kurkuku, har yau ana gardamar wanda ya kashe su. Bai daɗe a kai ba aka kashe shi a fagen fama, aka turbuɗe shi a gaggauce, kabarin ya ɓata, sai a 'yan shekarun nan aka gano ƙasusuwansa a ƙarƙashin wurin ajiye motocin. Ni dai ban je yabonsa ba, mai 'ya'ya ba ta yabon irin wannan.

A gidan tarihin an shimfiɗa kwatancen ƙasusuwansa. Ina waigawa na ga 'yata ta tsaya cak, hannunta a bayanta. Ƙashin bayan sarkin a karkace yake, irin nata, har ya fi. Wata tsohuwa mai yi wa baƙi bayani ta ce da wannan bayan ya sa sulken ƙarfe, ya hau doki, ya yi sukuwa kan abokin gabarsa da kansa. Ta ce ana jin mutane kaɗan ne suka san lalurar, sai bayan an kashe shi an tuɓe gawar. Bakina ya cika da wa'azi, na haɗiye shi da ƙyar.

Ita da kanta ta ce a kai ta filin yaƙin. Gonaki ne kawai da iska, ga yayyafi, ga taɓo har idon sawu. A ɗakin baje kaya ana barin mutum ya gwada sulke. Ta sa na sarƙa, kafaɗunta suka sauka don nauyi, ta ƙi cirewa har sai da wasu yara suka gaji da jira. Duk da haka rigarta ba ta fito daga akwati ba, har muka kamo hanya.

Mun sauka Jidda zafi ya mare mu tun daga ƙofar jirgi. Babanta ya tambaye ni da ido, na girgiza kai. Na riga na fara tunanin ranar tiyata.

Abin da tafiyar ta koya mini shi ne, wani lokacin aikin uwa ta kai yaro wuri ne ta ja bakinta ta yi shiru, kuma wallahi shirun ya fi kuɗin jirgi tsada. Safiyar komawa makaranta ina haɗa shayi ta shigo kicin, abayarta a kafaɗa, rigar robar a jikinta, ta juya mini baya.

"Mama, ja maɗaurin. Da ƙarfi."

Na kama na ja. Ta runtse ido, ta sauke numfashi, ta ce, "Ƙara."