Fankar Ɗakin Baba

Wata Lahadi ce a farkon damina, bayan sallar la'asar, a gidanmu da ke Lafiya. Mu uku ne a ɗakin. Baba yana kwance, Inna tana zaune a bakin ƙofa, ni kuma na durƙusa ina huda wani kwalin taliya da wuƙa.

Baba direban babbar mota ne, ya yi shekaru yana ɗauko doya daga Agyaragu. Tun ina yaro yake shan taba, amma ban taɓa ganinta a hannunsa ba, ban kuma taɓa jin an ambaci sunanta a gidan ba. Idan ya gama cin abinci sai ya ce bari ya duba mangwaron bayan gida. Ya dawo yana tauna kanumfari, mu yi masa sannu da zuwa.

Da ɓarin jikinsa na hagu ya shanye, zuwa gindin mangwaro ya ƙare. Likita ya hana shi taba, ya gyaɗa kai. Sai dai akwai wani tsohon abokin tuƙinsa da ke zuwa dubiya ranar Juma'a, kuma idan ya tafi warin ɗakin yakan canza. Inna ce ke jinyarsa a ɗakin, ita ke juya shi, ga ta da ciwon asma tun kafin a haife ni. Wata rana numfashinta ya sarƙe har sai da muka kai ta asibiti.

Da aka sallamo ta, ta tsayar da ni a zaure. Ni ne ɗan fari, ba ta faɗin sunana.

"Kai, ɗakin nan ba ya shan iska."

"A buɗe taga mana, Inna."

"A buɗe take. Na ce maka ba ya shan iska."

Na gane abin da take nufi. Ba zan iya hana Baba shan taba ba, domin kafin in hana sai na nuna na sani.

A kasuwa na samu ƙaramar fanka ta cikin tsohuwar kwamfuta, wurin wani mai gyaran rediyo.

"Oga, wannan fanka ba zai kore zafi ba fa," in ji shi.

"Ba zafi zan kora ba."

"To sauro ne? Sauron Lafiya zai zauna a kai ya sha iska."

Ita ce nake haɗawa ranar Lahadin nan. Na yanka wa kwalin baki a gefen da ke kallon gado, na toshe bakin da dakakken gawayi da na ɗinke a cikin tsohon gidan sauro. A ɗaya gefen na ɗaura fankar, na haɗa ta da tiyo, na zura tiyon ta ragar taga. Wuta daga batirin babur, saboda ta gari ba abin dogaro ba ce. Makunnin na ɗaure shi a jikin gado, inda hannunsa na dama zai kai.

Baba yana kallona. Maganarsa ta yi nauyi tun da ciwon ya same shi.

"Mene ne wannan?"

"Fanka ce, Baba. Tana jan iskar ɗaki ta kai waje."

"Wace iska?"

"Kowace iri."

A gidan rediyo nake aiki. Ya dube ni, ya ce, "Mai karanta labarai ya zama injiniya."

"Gado ya yi, Malam," in ji Inna. "Kai ma da igiya kake ɗaure ƙofar motarka."

Da turaren tsinke na gwada ta. Karon farko ashe na juya fankar baibai, ta feso ƙurar gawayi a kan zanin gado, Inna ta fita tana tari. Na juya ta. Hayaƙin turaren ya lanƙwasa, ya shige kwalin.

Ta yi aiki. Ba ta kwashe warin duka, amma Inna ta rage neman maganin asmarta na shaƙa. Abin da ban lissafa ba shi ne ƙara. Fankar tana da wani gunji kamar na zuma, ana jin sa har ɗakin girki. Abin da mangwaro ya rufa shekara da shekaru, yanzu duk gidan ya san lokacin da aka fara shi da lokacin da aka gama. Ba wanda ya kafa doka, amma idan fanka tana ƙara ba a shiga. Inna takan ɗauki farantinta ta koma tsakar gida, ƙanwata ta ajiye abinci a bakin ƙofa. A gidan rediyon da nake aiki akwai jar fitila a saman ƙofar ɗakin watsa shiri, idan tana kunne ba a taɓa ƙofar. Haka ta zama.

Daga baya abokin nasa ya daina zuwa, ciwon gwiwa ya kwantar da shi. Fankar ba ta daina ba, sai ma ta ƙara daɗewa a kunne. Idan masu dubiya suka cika surutu, yakan kunna ta, su yi sallama. Da na zo canza gawayi, na shinshina, babu wari. Wata rana na tsaya daga waje.

"Baba, a kashe ne?"

"Ina duba mangwaro," ya ce.

Wata ranar Alhamis ya kunna ta bayan azahar. Inna ta fita tsintar shinkafa. Aka kira la'asar fankar tana ƙara, Inna ta yi sallarta a tsakar gida. Batirin ya yi sanyi, ƙarar ta riƙa raguwa har ta tsaya. Sai a lokacin Inna ta yi sallama. Bai amsa ba.

Ina wurin aiki, wayata a kashe. Da na fito aka gaya mini. An yi jana'iza washegari da safe.

Bayan sadakar bakwai na kwance kwalin. Gawayin yana nan yadda na zuba shi. Na toshe hujin taga da tsumma.

Inna tana ɗakin har yanzu, ba mu sake kai ta asibiti saboda numfashi ba. Fankar tana ɗakin girki, ƙanwata na hura wuta da ita.