Takin Juji

Shekarar da takin zamani ya gagare mu, Babanmu ya sa aka yi ta kawo takin juji daga cikin garin Ƙanƙara, amalanke bayan amalanke, ana jibgewa a gonarmu ta hanyar 'Yargoje. Baƙi ne wuluk, mai kyau a ido. Sai da ruwan farko ya wanke shi muka ga abin da muka jawo wa kanmu: ledar ruwa, ledar ƙullin gishiri, yagaggen buhu, guntayen silifa.

Na ce mu tsince tun da sauran dama. Baba ya ce, “Ƙyale su, ƙasa na cinye komi.”

Ƙasa ba ta ci ba. Rana ta gasa su, fartanya ta daddatsa su, har suka koma ɓurɓushi. Yau idan na damƙi ƙasar gonar nan na buɗe hannu, sai in ga ɗigo-ɗigon shuɗi da fari kamar dusa. Aikin kwana biyu ne muka ƙi yi, ga shi yanzu ko rariya ba ta raba su da ƙasa. A nan muke noma dawar da muke ci.

Bayan girbi na uku tunkiyar Innarmu, wadda ke kiwo a gonar, ta daina tuƙa. Ta rame, ciki kuwa ya kumbura. Da muka ga za ta mutu aka yanka ta. Mahaucin ya farke tumbin, ya zaro dunƙulen leda mai girman ƙwaryar fura, ya yar gefe.

“Ai kullum haka muke gani, Malam,” ya ce, ko ɗago kai bai yi ba.

Wannan “kullum” ɗin ce ta fi ƙona mini rai. Inna ta tsaya tana kallon dunƙulen, sannan ta shige ɗaki. Ba ta ci naman ba.

Ran kasuwar 'Yankara na sayi albasa. Mai albasar ya zuba ta a leda, ya ƙara wata a kai, ya kai hannu ga ta uku. Ban san lokacin da na daka masa tsawa ba. Mutane suka waiwayo suna kallona kamar mai taɓin hankali, shi kuwa bawan Allah bai san laifinsa ba. Na juye albasar a gaban rigata, na miƙa masa ledojinsa. Haka na ratsa kasuwar, ina tattaka wasu dubbai da ƙafata.