Karen da Ƙanena Ya Bari

Na manta abubuwa da yawa a rayuwata, wasu ma da gangan na manta su. Amma ranar da aka kashe karen ƙanena a gabana ba za ta bar raina ba sai an sa ni a ƙasa.

Ni ba mutumin Kusada ba ne. Garinmu yana can yamma, a bakin daji. Ɓarayi suka shigo mana da rana tsaka, suka kora shanu, suka kashe waɗanda suka kashe. Ƙanena yana ciki, shi ne mai kiwon 'yan shanunmu. Na binne shi, na zuba kayana a buhu ɗaya, na nufi wurin kawuna a wani ƙauye kusa da Yashe, a ƙasar Kusada. Ban kira karen ba, shi ya biyo ni. A tasha babu direban da ya yarda ya ɗauki kare, don haka na taka da ƙafa har Kankia, daga nan na ƙarasa. Ba ni da mata, ba ni da ɗa. Daga gidanmu mu biyu muka rage, ni da shi.

Kawu ya ba ni ɗaki a zaure da gefen gona. Ya yi mini mutunci. Karen ne ya hana mu zaman lafiya. Ja ne, siriri, mai dogayen ƙafafu, kuma ban taɓa ganin halitta marar natsuwa kamarsa ba. Ba ya cizo. Gudu ne kawai. Ya kori kaji, ya kori zabi, ya bi babur har bayan gari ya dawo yana haki, ya sake bin wani. In mata suka shanya gero, ya bi ta kai. Ranar da ya sa baki a tulun alwalar masallaci, sai da aka zubar da ruwan, aka wanke tulun sau bakwai har da ƙasa, liman yana tsaye yana kallona.

Da yamma kawu ya same ni a zaure. Ya ce, "Ɗana, mai unguwa ya yi magana. Ko wanga kare ya natsu kafin a yi shuka, ko a kashe shi. Kai baƙo ne, kada ka ja mini abin kunya."

Na ce, "To, Kawu."

Ya ce, "Ka turke shi. Akuya ma da turke take sanin kanta."

Na turke shi a gindin dogon yaro. Ya cinye igiya biyu. Na sa masa sarƙa, ya yi ta zagaye har ya haƙa rami da ƙafafunsa, wuyansa ya saɓule. Na doke shi. Ba na ɓoye wannan, na doke shi da sandar ƙanena har hannuna ya gaji. Ya yi kuka, ya lashi ƙafata, na juya baya ya ci gaba da zagayen. A lokacin na riga na sallama. Na ce a raina, shi ma zai tafi kamar sauran.

Akwai wata tsohuwar Bafillata da ke kawo nono ƙauyen. Wata rana ta sauke ƙwaryarta a inuwar, ta daɗe tana kallon karen.

Ta ce, "Kaɗo, wane laifi ya yi maka?"

Na ce, "Goggo, ba ya zama."

Ta ce, "Da can me yake yi?"

Na ce, "Bin shanu, tun safe har faɗuwar rana."

Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce, "Ku Haɓe! Kun raba shi da shanu, kun raba shi da mai shi, kun ɗaure shi kamar ragon layya, sannan kuna tambayar me ya same shi. Kwance shi. Ka yi tafiya da shi har harshensa ya zazzago. In ya gaji, ka ɗora hannu a wuyansa, ka ce ya kwanta, a hankali, ba da tsawa ba. In ya kwanta ka ba shi abinci. In bai kwanta ba, ka ci abinka yana kallo."

Ba ni da wata dabara, sai na bi tata. Kullum bayan sallar asuba mu kama hanya, mu je Kusada mu dawo. Ƙafafuna suka tsage. Kwana goma na farko banza, ina cewa kwanta yana tsalle yana kama mini riga. Wata rana a gindin wata tsamiya na dafa wuyansa na faɗa, sai na ji ya sulale ƙasa, ya ɗora haɓa a kan ƙafafunsa. Na ba shi ƙanzon tuwo da tsalar nonon da Goggo ta bar mini. Na zauna kusa da shi. Tun mutuwar ƙanena ban zauna haka ba, ba na tunanin komai.

Kafin ruwan farko ya sauka ya koya sarai. In na ce kwanta, ko kaza ta bi ta kan hancinsa ba zai motsa ba sai na ce tashi. Har kawu ya gani ya gyaɗa kai. Sauran mutanen gari ba su gani ba, don ba su duba ba. A wurinsu shi ne dai karen nan na baƙo.

Aka yi shuka, kowa ya turke dabbobinsa kamar yadda ake yi da damina. Wata rana tun safe muna gona ni da shi, ina noman fari, yana kwance a kunya. Da la'asar muka dawo, na tarar da mutane a ƙofar kawu. An sami akuyar wani maƙwabci a turkenta bayan gari, an yage mata ciki. Mai akuyar yana riƙe da gatari.

Ya ce, "Ga shi nan ya dawo."

Na ce, "Malam, tun safe yana tare da ni."

Ya ce, "Wa ya gan ku?"

Babu wanda ya gan mu. Gonar tana ƙarshen gari. Kawu ya sunkuyar da kai.

Karen ya ga taro da sanduna, ya fara ja da baya. Na san ƙafafunsa. Da ya zabura, babu mai kama shi a ƙauyen nan, ko da babur. Amma ni ina so su ga aikina. Ina so su ga ya canza, su ji kunya, su bar mu. Na ce, "Ku tsaya ku gani." Na dafa wuyansa na ce, "Kwanta."

Ya kwanta. Ya ɗora haɓa a ƙasa, idonsa a kaina yana jiran in ce tashi. Na ɗago don in yi musu magana. Ban kai ga buɗe baki ba gatarin ya sauka.

Ban yi faɗa ba. Baƙo ba ya faɗa. Suka ce a ja shi a jefa a kwazazzabo. Na ɗauke shi a kafaɗa na kai gefen gona na haƙa masa rami. Kawu ya biyo ni ya ce, "Ka yi haƙuri, ɗana. Kare ne fa." Na ce, "Na sani, Kawu." Har yau ban san abin da ya kashe akuyar ba. Na dai san ba shi ba ne.

Shekaru sun wuce. Ina nan a ƙauyen, muna gaisawa da mai akuyar, sahu ɗaya muke salla. Ba shi nake tuhuma ba. Ya zo da gatarinsa a fili, ni ne na ƙi ganewa. Mutanen da suka riga suka yanke hukunci ba kallo suka zo yi ba. Abin da na koya ke nan, kuma na koye shi a makare: duk abin da ka raba shi da gudunsa ya yarda da kai, tsaronsa ya koma wuyanka. A ranar nan kalma ɗaya yake jira daga bakina, tashi, ni kuma na faɗi ɗayar.