Daren Da Na Saci Ruwan Malam Hadi

Ni dai na san ban cika wayo ba, amma wautar da na tafka a wani rani ta fi duk sauran. Wallahi abin nan ya faru da ni, shekarun baya, a gonakin noman rani tsakanin Kura da Bunkure.

Ruwan kanal bi da bi ake sha, kuma daren nan na maƙwabcina ne, Malam Hadi, wanda zazzaɓi ya kwantar sati guda, ko masallaci ba ya iya zuwa. Tumatirina ya fara langaɓewa, sai zuciya ta ce, wa zai gani? Na ɗauki shebur na je na toshe hanyar ruwansa da buhun yashi, na juyo da shi gonata, albasarsa kuwa ko oho.

Ina duƙe sai gari ya waye. Ba asuba ba fa, haske kamar azahar, kore-kore! Na ɗaga kai, ga wata dunƙulalliyar wuta tana tsaga sama daga gabas, da jela, ba ƙara ko kaɗan. Na ce innalillahi, jirgi ne? Tashin ƙiyama ne, ya same ni da shebur ɗin sata? A cikin hasken nan na hangi mutum tsaye a tsakiyar albasar, ya goya hannu a baya yana kallona. Tsayin Malam Hadi, rawanin Malam Hadi. Wutar ta tarwatse, duhu ya dawo, can sai ƙasa ta yi gum. Na haska tocila, babu kowa.

Yadda na cire buhun nan ban sani ba, na dai tsinci kaina a gida jiƙe sharkaf, ba hula.

Da safe liman ya ce irin taurarin da ake jifan shaiɗanu da su ne. Ni kuwa na san wanda aka jefa. Ku dai, ruwan da ba naku ba ku bar shi ya wuce.

Da la'asar na je duba Malam Hadi. Iyalinsa suka ce ko zama bai iya ba tun jiya. Na gaishe shi, ya buɗe ido da ƙyar.

"Maƙwabci, na gode da ka sakar min ruwana," in ji shi. "Hularka na nan a gonata, fangalin albasa na uku, ka je ka ɗauka kafin ta ruɓe."