Yadda Yaya Falmata Ta Kwashe Gidanmu na Nguru

Shekara huɗu rabona da gida. Yau da safe ina bakin aiki a nan Fatakwal aka kira ni daga Gashua, wai Yaya Falmata ta rasu.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un.

Ita ce babbar yayarmu. Ganina da ita na ƙarshe shi ne lokacin da muka kwashe gidan Baba na Nguru. Ƙannenmu ne suka matsa a sayar. Har yau ban ga dalili ba, kuma sun san ban gani ba. Da aka zo kwasar kaya duk suka sulale, aka bar ta da aikin, ita da za ta koma ɗaki ɗaya a gidan ɗanta a Gashua.

Ni so nake a kira mota a loda komai. Ta tambaye ni zuwa ina, ɗakin hayar nan nawa na Fatakwal? Na bar maganar mota.

Ba ta kira dillaliya ba. Kowane abu sai ta tsaya ta tuno wanda ya fi zuwa aronsa. Babban turmin Inna ya tafi gidan Ya Kaka maƙwabciyarmu. Tsanin Baba ta ba mai gyaran wutar layinmu, tana yi masa tsiya wai dama a gidansa ya fi kwana. Randar zaure ta sa aka kai ƙofar masallaci.

Da na ga ana fita da randar nan raina ya ɓaci, na ce Yaya, ko tsinke ba za ki bar mana ba? Ta ce:

"Modu, in na kulle su a ɗaki, gara da ɓera ne za su gaje mu. A can kuwa duk wanda ya sha ruwa zai ce Allah ya ji ƙan Baba."

Ban daina jin zafin sayar da gidan ba. Amma ita ko cokali ba ta ɓoye wa kanta ba, wannan na shaida.

Duk shekara sai ta daka yaji ta ba direba ya kawo min.

Allah ya gafarta miki Yaya, ya haskaka kabarinki, ya sada ki da Baba da Inna a Aljanna. Wanda ya karanta, don Allah ya sa ta a addu'a.

Abin da na tsira da shi uku ne: butar alwalar Baba, faifan Inna, da rabin kwalbar yajin bara.